Mai Huci Ta Rasu a Cikin Kabad

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da ƙannena da surukai da abokan arziki rasuwar tukunyar lantarkinmu mai suya da iska, wadda nake yi wa laƙabi da Mai Huci. Ta cika ranar Talata da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a cikin kabad ɗin ƙasa na kicin, tana tsaka da aiki. Shekararta biyu da wata uku a gidan nan, kuma ba ta taɓa ganin falo ba.

Kafin komai ina da roƙo. Don girman Allah kada kowa ya nuna wa Baba wannan sanarwa, kada kuma a yi mini gaisuwa a gabansa. Wanda ya san bakinsa ba shi da linzami, ya yi ta'aziyya daga inda yake, na karɓa.

Waɗanda suke asibiti ranar da aka sallami Baba sun san mafarin zancen. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙin babbar mota, duk abin da ya ci a hanya daga cikin tafasasshen mai aka tsamo shi, har jijiyar zuciyarsa ta toshe. Likita ta ce an samu an buɗe ta a wannan karon, amma idan ta sake toshewa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ta hana shi suya. Baba ya gyara zaman hularsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'ya da surukai, ya ci alwashin cewa shi da abincin marasa lafiya har abada, gara ya tafi da maiƙo a leɓe da ya rayu yana kiwo kamar akuya. Kun san Baba. Magana zarar bunu ce, kuma tasa ba ta taɓa komawa ba.

Kowa ya kama hanyar gidansa, aka bar ni da shi. Kwana goma sha ɗaya ina dafa kayan lambu ina kwashewa yadda na ajiye. Shayi kawai yake sha, sai ɗan burodi. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara wa bel huda da ƙusa. A rana ta goma sha biyu maƙwabciyarmu ta bayan gida ta raka ni muka ɗauko marigayiya, muka shigo da ita ta ƙofar baya a cikin buhun shinkafa.

Tun daga ranar aikinta guda ne, kuma ba ta taɓa yin fashi ba. Ina dawowa daga makaranta da ƙarfe uku, in yanka karas da farin kabeji da koren wake da ɗan dankali, kowanne daidai loma. In turara su kaɗan, in tsane su da tsumma har su bushe, domin jiƙaƙƙen kayan lambu ba ya riƙe riga. Sai faranti uku a jere: fulawa mai citta da tafarnuwa, ruwan ƙwai, da garin busasshen burodi. Hannun hagu na ƙwai ne, na dama na gari, idan aka haɗa su yatsu ne za su sha rigar. Mai kuwa ƙaramin cokali ɗaya ne tak ga kwando guda. In jera su ba mai taɓa ɗan'uwansa, in tura kwandon, in rufe kabad, in yafa bargo a kan ƙofar.

Daga nan sai ƙaryar ta fara. In ɗora kasko a wuta, in ɗiga mai, in watsa rabin albasa, in ƙara wa rediyo murya. Ƙamshi ya cika gida har falo, ina ta buga cokali a gefen kasko kamar mai suyar biki. Albasar ba ta taɓa shiga farantin Baba ba, cikin miyata take ƙarewa. Shi dai ya ji cuwwa, ya ji ƙamshi, sannan a kawo masa abu ja-ja-wur mai zafi, ya ciza ya ce ƙurus. Yakan cinye tas, ya suɗe yatsa, ya yi wa likita dariya a bayan idonta, wai ga shi yana cin suyarsa kullum kuma awo sai kyau yake ƙarawa.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ta yi aiki a duhu, kasko yana karɓar yabo, ba ta taɓa ƙorafi ba. Maganarta uku ce a duniya. Idan an murɗa ta, ta ce ƙirrr. Idan ta kama aiki, ta ce fuuu, a hankali, minti goma sha biyu, da juyi ɗaya a tsakiya. Idan ta gama, ta ce tin! Wannan tin ɗin shi ne tashin hankalina na kowace rana, har na koyi yin tari daidai lokacinsa. Baba ya sha saya mini maganin tari, ina karɓa da hannu biyu ina godiya.

Ba zan ɓoye ba, kullum cikin fargaba nake. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana sauraron inji, wanda daga kan kujerarsa zai gaya maka motar da ta wuce a titi tana shan iska ta inda bai kamata ba, shi nake ɓoye wa fanka a bayan katako da bargo. Na san ranar da ya gane, ranar zai ture farantin, mu koma shayi da hudar bel.

Rashin lafiyarta ya fara ne mako uku da suka wuce. Ina shara na leƙa tsakanin kabad da firji, sai na ga ramuka shida a jikin katakon, a jere, kowanne zai ci ɗan yatsa. Ta nan hucinta yake fita, asiri na shirin tonuwa. Na tsine wa ɓeraye, na ɗana tarko, na yayyaga tsohon zane na toshe ramukan tam, na kuma ninka bargon biyu. Daga ranar muryarta ta canja. Fuuu ɗin ya koma furr-furr, kamar mai hawan tudu da kaya. Jikinta yakan yi zafin da sai da tsumma nake taɓa ta. Na ji, na gani, na ce tsufa ne.

Ranar Talata na shirya komai yadda na saba. Kwando na farko yana ciki, sauran suna jere a tire sanye da rigarsu, albasa tana cuwwa, Baba yana falo ya riga ya wanke hannu. A minti na bakwai ta ce furr, ta ce ƙit, sai shiru. Na yi tarina don sabo, ba tin ɗin da zan rufe. Da na ɗaga bargon, warin ƙonanniyar roba ya buge ni. Na cire ta daga wuta, na mayar, na murɗa, na jijjiga ta, na yi mata fifita da murfin tukunya. Ko ƙirrr ba ta ce ba.

Daga falo na ji Baba yana ƙwanƙwasa hannun kujera da zobensa, alamar ya fara ƙosawa. Ga kasko da zafi, ga galan ɗin mai a gefena. 'Yan'uwa, zan faɗa muku gaskiya tunda ranar faɗinta ce: na tuttula mai har rabin kasko. Na jira ya yi zafi. Na ɗauki lomar farin kabeji na riƙe a samansa, tururin yana dukan yatsuna, ina ce wa kaina sau ɗaya ba ya kisa. Sai na tuna fuskar likita lokacin da take cewa ba ta yi alkawari ba, na tuna ranar Litinin mai zuwa ce ranar awonsa. Na kashe wutar. Na je na tsaya a bakin ƙofar falo na ce masa gas ne ya ƙare, alhali ƙamshin albasa yana biye da ni.

Ya dube ni, ya dubi hanyar kicin, ya ɗauki hularsa ya fita. Ta taga na bi shi da ido har ya sha kwanar hagu, inda mai suyar kaza da dankali yake kafa kaskonsa kowace yamma. Minti arba'in ina tsaye a wurin. Da ya dawo na karɓi hularsa don in shinshina, na kasa tantance ko warin mai ne ko na titi. Abincin da na dafa bai taɓa ba, shayi ya sha. Ranar Laraba ma da ƙarfe huɗu ya sake ɗaukar hula, ya sake shan kwanar hagu, ya dawo ya sha shayi. Ni kuwa a makaranta na rubuta darasin aji uku a allon aji biyar, sai da yara suka gaya mini.

Jiya Alhamis na nemi izini, na sa gawar a buhun da ta zo a ciki, na kai wa mai gyaran kayan lantarki, wanda shagonsa ke gaba kaɗan da mai suyar. Ya kwance ta, ya duba, ya tabbatar da rasuwa. Ya ce zafi ne ya narkar da ita daga ciki saboda an hana ta numfashi, kuma in gode wa Allah da gidan bai kama ba. Sannan ya juya ta, ya ga wani ɗan jan tef a jikin wayarta, ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce ai ya san marigayiya, tef ɗin nan shi ya naɗa.

Da ƙyar ya yarda ya yi bayani, don an sa shi ya yi alkawari. Wai sau biyu wani dattijo mai hula yana kawo ta da safe, a cikin wannan buhun, yana cewa fankarta tana gurnani, a duba, amma a gama kafin ƙarfe uku. A zuwa na biyu ne mai gyara ya gargaɗe shi cewa tana buƙatar iska, dattijon ya ari abin huda katako ya tafi da shi, ya dawo da shi bayan awa guda. Ranar Talata da Laraba kuma a kan bencin shagon ya zauna, yana tambaya ko ana samun kayan cikinta, ko da na hannu ne. Mai suya ya yi ta ɗaga masa hannu daga nesa, ko waiwayawa bai yi ba.

Mai gyara ya ce ya taɓa tambayarsa me ya sa ba zai gaya wa 'yarsa ba, a fito da abar sarari kowa ya huta. Dattijon ya ce shi ya yi magana a gaban surukai, ba zai lashe ta ba, yarinyar kuma ta nemo masa hanyar da zai ci ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya ce tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya ƙara wahalar da kansa wajen yi masa ƙarya saboda ƙauna, don haka ba shi zai tona ta ba. Abu ɗaya kawai yake damunsa, wai tarin nan nata bai yi kama da tari ba ko kaɗan.

A kan wannan bencin na zauna na yi kuka, mutane suna wucewa suna zaton mutum ne ya mutu. Shi ya buɗe mata hanyar numfashi, ni na toshe da hannuna, har ina ɗana wa ɓera tarko.

Marigayiya ta rasu ta bar kwando ɗaya mai lafiya, da faranti uku, da bargo mai tabon ƙuna. Ta bar kasko, abokin aikinta, wanda ya ci suna bai yi wahala ba. Ta bar rediyo, da kwalaben maganin tari bakwai da ba a buɗe ba. Ta bar ni. Ta kuma bar dattijo ɗaya da yau kwana uku ke nan bai ci abin kirki ba, ga awo gata, ranar Litinin, kuma har yanzu da shi da alwashinsa ba wanda ya saki wani.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe a bayan shagon mai gyara, inda za a cire abin da zai amfani wasu, sauran a miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe. An zaɓi lokacin ne saboda Baba yana wurin aski. Ba a buƙatar rakiya, ba kuma za a yi zaman makoki ba.

Kafin magajiyarta ta iso, maƙwabciya ta ba da aron tandarta. Yau da ƙarfe huɗu za a gasa a can, a shigo da tire ta ƙofar baya a ƙarƙashin bargo. Ni zan ɗora kasko, in watsa albasa, in ƙara wa rediyo murya, in yi tarina a kan lokaci. Wanda ya zo ya tarar da Baba yana suɗe yatsa yana yi wa likita dariya, ya taya shi dariyar. Bai san na sani ba, kuma ba daga bakinku zai ji ba.

Na cire tsummokaran daga ramukan nan shida. Duk wanda ya tambaya, aikin ɓera ne.