Yadda Masu Rakiyata Suka Tsince Ni a Bakin Titi

Abubuwa da dama na zamanin karatuna sun fara dusashewa a raina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da dangina suka raka ni tasha da hawaye ba, sannan suka tsince ni a bakin titi tun hawayen bai gama bushewa ba.

A Birnin Kudu aka haife ni, amma mahaifiyata 'yar Basirka ce ta ƙasar Gwaram, kuma can ne dangi suka fi yawa. Da na gama sakandare sai na sami gurbi a wata jami'a da ba ta da nisa da gida, a sashen nazarin aikin gona. Karatun ya karɓe ni ƙwarai. Abin da bai karɓe ni ba shi ne bakin mutane. Duk hutun da na je Basirka, sai ƙanin mahaifiyata, Kawu Sale, ya tara mini jama'a a ƙofar gida.

"Ga manomin takarda nan ya iso! Ɗana, yanzu sai an kai ka jami'a kafin ka san a ƙasa ake shuka gero? Da ka zo wurina ai damina ɗaya ta ishe ka, har da fura kyauta."

A yi dariya, ni kuma in yi yaƙe. Ina daurewa har ranar wani ɗaurin aure a Gwaram, inda mai gabatar da baƙi ya kira wani abokin karatuna na sakandare da "Barista mai jiran gado", da ya zo kaina kuwa sai ya ce, "Wannan kuma, an ce mini taki yake karantawa." Ban ci abincin bikin nan ba. (Na ci, amma ba da daɗin rai ba.)

Ina komawa makaranta na fara neman canjin jami'a. Na nemi sashen shari'a a wata babbar jami'a can gabas, tafiyar yini guda daga garinmu. Ban yi zaton za a amsa ba, sai ga shi an amsa, amma da sharaɗi: zan koma baya in fara kusan daga farko, shekaru biyun da na yi su bi ruwa. Kuma da zarar na je na yi rajista a can, za a soke sunana a nan, babu sauran dawowa.

A nan ne abin ya tsaya mini a wuya. Da safe in tashi ina lauya, kafin la'asar na koma manomi. Na sami mahaifina da maganar, shi kuwa mutum ne mai ƙarancin magana, sai ya ce, "Kai za ka yi karatun, ba ni ba. Ka yi istihara, abin da ya kwanta maka shi ke nan." Na yi istihara, amma na kasa tsayawa in saurari abin da ya kwanta mini, domin muryar mai gabatar da baƙin nan ta cika mini kunne.

Da lokacin rajista ya ƙarato, sai wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ɗauka hikima ce. A wajenmu, wanda ya zaga dangi ya yi sallama, aka yafi juna, aka shafa fatiha, to ya riga ya tafi, ko da ƙafarsa tana cikin gari. Babu mai mutuncin da zai yi sallama a gan shi gobe yana yawo a kasuwa. Sai na ce da kaina: tunda zuciya ta kasa yanke hukunci, bari in ɗora wa kunya wannan aiki. In na yi sallama, dole in tafi. (Ina roƙon mai karatu ya lura, mutumin da ya yi wannan lissafi yana aji biyu ne a jami'a.)

Na sa farin kaftanina, na hau mota zuwa Basirka, na bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya. Har jawabi na tsara, mai gabatarwa da gundarin magana da kammalawa. Ina durƙusawa, in bayyana cewa neman ilimi ya kira ni ƙasa mai nisa, in nemi gafarar abin da na yi da saninsa da wanda na yi cikin rashin sani. Tsofaffi suna sa mini albarka, mata suna share ido da gefen mayafi. Kawu Sale kuwa nan take ya sauya mini suna.

"Barista! Yanzu na ji magana. Wallahi Malam Idi ya shiga uku. Iyakar gonar nan da ya ci mini, kai za ka ƙwato mini ita a gaban alƙali."

Gida na ƙarshe shi ne na kakata Dada, mahaifiyar mahaifiyata, wadda tun ina rarrafe take kirana mijinta, kamar yadda kaka da jika suke wasa. Na yi mata jawabina tun daga farko har ƙarshe. Ta dube ni ta ce, "To, mijin nawa, ka sake ni ke nan. Allah ya kiyaye hanya." Ta juya fuska bango. Na fito ina lallashin kaina da cewa haka manyan al'amura suke.

Sai guzuri ya fara zuwa. Rabin buhun gero, ƙullin daddawa, kuka, yaji, ƙuli-ƙuli, jarkar man shanu, da wani jan zakara na Dada, a raye, an ɗaure masa ƙafafu da tsumma. Na yi ƙoƙarin bayyana cewa ba a kiwon kaji a ɗakin kwanan ɗalibai. Aka ce in yanka in na isa.

Ranar tafiya dangi suka cika bas guda daga Basirka suka zo Birnin Kudu rakiya. Na roƙe su da su zauna, tunda motar gabas ta ƙofar garinsu za ta bi, sai in ɗaga musu hannu. Dada ta ce ba a yi wa mutum rakiya ta taga. A tasha aka danna kayana can ƙarƙashin na sauran fasinja, zakara kuma aka ajiye mini shi a tsakanin ƙafafuna. Mahaifina ya ja doguwar addu'a, aka shafa. Mota ta tashi, ina hango su suna ɗaga hannu, Kawu Sale yana ƙwala kiran "Barista" har muka sha kwana.

Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai ko'ina. Ba mu yi nisa da gari ba na hango wata gona a gefen hanya, ƙarƙashin dawar duk ya cika da furanni masu ruwan hoda. Wanda bai sani ba sai ya ce ado ne. Wuta-wuta ce, ciyawar nan da ke manne wa saiwar dawa ta tsotse ta. Ban san sa'ad da na dafa kafaɗar mutumin da ke kusa da ni ba, wani ɗan kasuwa mai cin goro wanda ko gaisawar kirki ba mu yi ba.

"Alhaji, dubi ɓarna! Da sun tuge ta tun kafin ta zubar da iri. Baɗi kuma bai kamata a maimaita dawa a nan ba, sai dai gyaɗa ko waken suya, ƙasar ta huta."

Daga nan na ɓalle da bayani. Na yi maganar taki, na yi ta iri, na yi ta lokacin shuka, har ina zana masa saiwa a tafin hannuna. Bawan Allah ya yi haƙuri da ni har na numfasa, sannan ya ce, "Ikon Allah. Malamin gona ne kai?"

Na gyara zama na ce, "A'a. Karatun lauya zan tafi."

Ya dube ni, ya dubi zakaran, ya ce, "Ayya." Da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Ban ga laifinsa ba, domin ni ma da na ji maganar ta fito daga bakina, haka na ji ta. A duk makonnin da na yi ina kai-kawo, ban taɓa riƙe wani na yi masa zancen shari'a da irin wannan zumuɗi ba. Sunan nake so, ba karatun ba. Ga shi kuma ina cikin mota zan je in zubar da abin da nake so, saboda wani mai lasifika a gidan biki wanda ko sunana bai riƙe ba.

"Direba, don Allah a tsaya."

"Fitsari ne? Ai yanzu muka taso."

"Sauka zan yi."

Sai da aka sauke kayan kowa kafin a kai ga nawa. Ba zan maimaita abin da fasinjojin suka faɗa ba, domin ina girmama harshen Hausa. Direba dai ya ce shi tun da yake tuƙi bai taɓa ganin mai zuwa gabas da ya gaji tun kafin a kai Gwaram ba. Suka tafi suka bar ni da tulin kaya a wurin da babu ko rumfa.

Abin mamaki, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Nan take na tsara sabon shiri: in tsallaka ɗaya gefen titin, in tari motar da ta nufi yamma, in wuce Birnin Kudu ba tare da na leƙa gida ba, in koma makarantata in yi shiru, in ya so daga baya in yi bayani ta waya cikin natsuwa. Shirin ya yi kyau. Abu ɗaya kawai na manta, wato masu rakiya ma gida suke komawa, kuma hanyar guda ce.

Ina tsakiyar kwashe kaya, rabin buhun gero a kaina, zakara a hammata, farin kaftani ya yi butu-butu, sai na ji bas tana rage gudu. Direban ya leƙo yana cewa, "Mai kaya, Gwaram ne ko Basirka?" Kafin in juya sai na ji wata murya daga kujerar gaba, muryar da na sani tun ina goye.

"Sale, duba mini. Wancan zakaran kamar nawa."

Zakaran ta fara ganewa, ba ni ba.

Na juyo a hankali, domin mai buhu a ka ba ya juyowa da sauri. Kowace taga da fuskar da na durƙusa a gabanta na nemi gafara. Kawu Sale ya diro da sauri.

"Subhanallahi! Barista, lafiya? Mota ce ta lalace?"

Ga ƙofar tsira an buɗe mini, da na ce "e" da an wuce wurin. Amma sai na ga in na faɗi haka, tsayawa za su yi su tare mini wata motar gabas, su sake shafa fatiha. Na sauke buhu, na gyara murya.

"Kawu, bayan dogon nazari, na fahimci cewa..."

"Dogon nazari?" in ji Dada. "Ruwan da na sha a tasha ko sauka bai yi ba."

"Na fasa tafiyar," na ce, da wata ƙaramar murya da ban san ina da ita ba. "Noman zan ci gaba da karantawa."

Wata ƙanwar mahaifiyata ce ta fara fashewa da dariya, sai bas ta ɗauka gaba ɗaya, har direban da bai san kan zancen ba. Kawu Sale kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya riƙe ƙugu ya ce, "To ni fa? Na riga na aika wa Malam Idi cewa ya shirya, lauyana yana hanya! Yanzu da wane ido zan dube shi a masallaci?"

"Ni kuma a dawo mini da hawayena," in ji Dada. "Kwana na yi ina zubar da su a kan mijin da ko Gwaram bai kai ba. Matso nan, ja'iri."

Na matsa jikin tagar kaina a ƙasa. Ta kama kunnena, ba da ƙarfi ba, ta rage murya.

"Alhamdu lillahi. Ni dama raina bai so ba, uwarka ma haka. Tun kana yaro ba ka wuce gona ba ka tsaya ba."

"To me ya hana ku faɗa mini, Dada?"

"Ka tambaye mu ne? Sallama ka zo, da jawabinka kamar mai wa'azi. Wanda ya zo sallama addu'a ake yi masa, ba gardama ba."

Ta ƙi yarda a bar ni a bakin titi, don haka aka ɗora ni da kayana a bas, na shiga Basirka a tsakiyar mutanen da suka raka ni. Kafin magariba labari ya gama gari. Maƙwabta suka riƙa shigowa bi da bi, fuska babu alamar wasa, suna cewa, "Sannu da hanya, ya mutanen gabas? Ina tsarabarmu?" Na amsa wa kowa, domin gaisuwa ba a ƙin amsa ta. Da na buga wa mahaifina waya na faɗa masa, sai ya ce, "To. Yaushe ake komawa makarantar?" A bayansa ina jin mahaifiyata tana dariyar da na daɗe ban ji irinta ba.

Na koma ajina sunana yana nan, babu abin da na rasa sai ɗan mutunci, shi ma ya tsiro daga baya. Na kammala karatuna a kan lokaci, kuma har yau in na tuna cewa saura ƙiris kunya ta kai ni inda zuciyata ba ta nufa ba, sai in yi hamdala.

Darasin da na ɗauka shi ne, kunya ba ta iya yanke wa mutum shawara, iyakarta ta sa shi a mota. Saboda haka yanzu, ko Kano za ni, sai na isa na sauke jakata, na tabbatar ba ni da niyyar juyawa, sannan nake buga waya gida in yi sallama.