Pi Sur Quatre, Mon Commandant

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na amsa tambayar da babu wanda ya yi mini ba. Na zauna Tamanrasset, na yi aiki Abidjan da Tarabulus, na ga ana kunyata mutane da Larabci da Faransanci da Tamashek, amma har yau ban ga wanda ya tashi tsaye da kansa ya nemo wa kansa kunya kamar ni ba.

Lokacin babban fari ne, soja na mulki, ni kuma ina lakwal, wato makarantar boko, a nan Agadas. Awakinmu sun ƙare, abin da ake tuƙawa a gida jar dawar taimako ce. Sai labari ya zo cewa za a ɗauki ɗalibi ɗaya daga ajinmu zuwa makarantar masu awon ƙasa a Yamai, ga gado ga abinci sau uku. Ɗaya tak. Kuma kumandan sojan garin da kansa zai zo ya ga wanda za a zaɓa.

Mushenmu, wato malaminmu na lissafi, ya ce a riƙe sauyin degré zuwa radian da kyau, wato hanyoyi biyu na auna kusurwa. Ni da na yi sauka tun ina ƙarami, me ake da jeri na layi shida? Na mai da shi waƙa: trente, pi sur six, quarante-cinq, pi sur quatre, soixante, pi sur trois. Na koya wa Inna lambobin don ta riƙa yi mini bazata. Tana tsakiyar daka sai ta jefo, "Karansenk!" wato quarante-cinq, arba'in da biyar, ni kuma ko ina bayan gida sai na amsa, "Pi sur quatre!" (Har ta rasu tana zaton wata addu'a ce ta Nasara.)

Abokin takarata Alhusaini ne, ɗan masu garka daga Dabaga. Ɗan albasa nake ce masa. Shi bai haddace komai ba. In an tambaye shi sai ya zana rabin da'ira, ya ce wannan ɗari da tamanin ne, shi ne kuma pi, sannan ya shiga rabawa a hankali kamar mai raba ruwa a lambu.

"Kafin ka gama zanenka na isa Yamai na aiko maka da wasiƙa," na ce masa.

"To, ka sa timbur mai kyau," in ji shi, kan sarki yake nufi.

Ranar ta zo da zafin da ke sa kwanon rufi ƙara. Muka miƙe, kumandan ya shigo, darektan makarantar na biye da shi kamar zai ɗauke masa inuwa. Mutumin ya cire hula, ya share wuya da hankici, ya dubi darektan ya ce, "Quarante-cinq degrés aujourd'hui!"

Zafin gari yake nufi, arba'in da biyar a ma'auni. Kowa ya gane, har ƙadangaren da ke jikin taga. Ni kuwa bakina bai tsaya shawara da kaina ba. Na buga ƙafa, na ƙame, na kwarara:

"Pi sur quatre, mon commandant!"

A wancan zamanin ba a yi wa mai kaki ihu, ko da lissafi ne. Mushe ya rufe ido. Kumandan ya tako har gabana, ya dube ni sama da ƙasa, sai ya koma Hausa, irin ta barikin soja.

"Kai ne malamin zafi? Madalla. To jiya arba'in aka yi. Nawa ke nan?"

Arba'in ba ta cikin waƙata. Na rera ta a zuci daga farko, na tsallaka daga talatin zuwa arba'in da biyar, na dawo, babu. Sai na ji kaina ina cewa, "Mon commandant, arba'in ba ta da radian."

"Ashe," ya ce. "Fari ya cinye shi?"

Nan ajin ya fashe, har darektan, da ya ga an ba da izini. Alhusaini ya ɗaga yatsa, ya je allo, ya zana rabin da'irar nan da nake wa dariya, ya raba, ya rubuta deux pi sur neuf. Bai ko kalle ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Shi ya tafi Yamai. Ya aiko mini da wasiƙa, da timbur mai kyau. Ni na bi motocin Dirku ina ɗaurin kaya, daga can duniya ta yi gaba da ni.

Na koyi harsuna huɗu bayan wannan, kuma a kowanne abin da na fara nema shi ne yadda ake cewa "da ni kake?" kafin in buɗe baki. Amma Agadas ba ta yafiya. Bara na dawo da furfurata, ina ratsa kasuwa da azahar, sai wani tsoho mai sayar da dabino ya leƙo daga rumfa ya kira ni da pi sur quatre ɗin da ya zame mini suna: "Fisirkat! Zafin yau nawa ake ciki?"