Gashin Bakin Ustaz Mitwalli

"Ni na yi Insaf," in ji Ustaz Mitwalli, yana murza gashin baki a gidan gahawar unguwar Shubra. "Ba don ni ba, da yanzu tana saman soro tana yi wa tantabaru waƙa."

Insaf dai, in ba ka san ta ba kakarka ta sani. Ita ce wadda in rediyon Alƙahira ya sako muryarta, mai sayar da wake yakan manta da tukunya a wuta. Mitwalli kawunta ne, ƙanen uwa. Aikinsa a wajenta bai wuce riƙe laima da ɗanɗana mata ruwan zuma ba, amma a bakinsa shi ne malaminta, shi ne manajanta, maƙogwaron ma aro ya ba ta. Tulu ne mai jar dara, ba komai a ciki sai iska.

Ana haka sai ga labari: za a sa Insaf a fim, karo na farko.

"Ni ma sun roƙe ni," in ji Tulu. "Sarhan, kai ne shaida. In fim ɗin nan ya fito ba a ji muryata a ciki ba, ka aske wannan."

Ya nuna gashin bakin. Gidan gahawa ya yi tsit, don a Shubra gara mutum ya rasa gida da ya rasa abin da ke ƙarƙashin hancinsa. Sarhan wanzami ya gyaɗa kai. Daga ranar dai, duk sanda Mitwalli zai wuce, sai ya fito bakin shago yana wasa aska.

Ranar ɗaukar waƙa, Yanni Bagirike mai ɗaukar sauti ya kunna jar fitila, ya ce kowa ya haɗiye numfashinsa. Insaf ta lumshe ido ta ja baitin farko. Mitwalli kuwa gidan biki ya sani, inda in mawaƙiya ta burge ka ka yi shiru, rowa ka yi.

"Allah Ya ƙara, 'yar yayata. Maimaita mana, don darajar iyaye."

Yanni ya cire abin kunnensa ya ajiye a hankali. Aka sake daga farko. Wannan karon Tulu ya kama bakinsa, sai carbinsa ya karɓi aikin, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Aka ƙwace carbin. Aka sake. Insaf ta kai wajen da ya fi daɗi, sai kawu ya saki ajiyar zuciyar da ta motsa takardun makaɗa.

Darekta, Ustaz Labib, mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. "Sitt Insaf," ya ce, "ko kawunki ya fita, ko ku fita tare. Akwai wata a Iskandariya tana jiran wayata. Marainiya ce, ba ta da kawu."

Da yamma Mitwalli ya shaida wa gidan gahawa cewa an nemi ya riƙa sa ido daga waje, don daga can aka fi jin kuskure. Sarhan ya gwada kaifin aska a farcensa.

Ranar ɗaukar hoto aka fita gona. A labarin, Insaf 'yar ƙauye ce tana waƙa a gefen rijiya, jakinta zai ɗaga kai ya yi kuka, jama'a su yi dariya. Tun safe ake lallashin jakin, ya ƙi. Shi kuma Mitwalli, daga bayan igiyar da aka tsare shi da ita, sai ya lura da abin da ya ɗaga masa hankali: Insaf baki kawai take motsawa, muryar daga wani akwati take fitowa. Bai san haka 'yan fim ke yi ba, su ɗauki murya daban, hoto daban, su haɗa daga baya.

"Ha'inci," ya ce a ransa. "Sun tsiyaye muryar yarinya sun zuba a akwati, gobe su ce ba su san ta ba."

Ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya. Daidai lokacin jaki ya ga dama, ya ɗaga kai, ya wangame baki. Mitwalli ya fizge wayar akwatin, akwatin ya kife da ƙara. Jaki ya haɗiye kukansa. An samu hoton baki a buɗe, amma sauti babu, kuma daga ranar dabbar nan ba ta sake cewa komai a gaban 'yan fim ba.

Insaf ta koma bayan mota ta yi kuka, kuka na gaske, don ta ga fim yana shirin suɓuce mata, ga shi ba a korar ƙanen uwa. Da ta share ido sai ta nemi Yanni, suka yi ƙus-ƙus. Sannan ta zo wajen kawu.

"Kawu, an ware maka waƙa kai kaɗai. Amma sharaɗin manyan mawaƙa ne: in ka yi, ba ka sake zuwa sai ranar nuna fim."

"Dama na san za su gane," in ji shi.

Aka rufe shi a ɗakin sauti. Ya dafa kunne ya ja "ya lail" ɗin da kowane mawaƙi ke buɗe waƙa da shi. Nasa dai duk Shubra ta san shi daga gidan wanka: yakan hau, ya karye a tsakiya, ya shiga shaƙuwa, sannan ya gangaro.

"Ya isa," in ji Yanni, idonsa na ƙyalli. "Wallahi abin da muke nema ke nan."

Ranar nunawa Mitwalli ya kwaso gidan gahawa kaf ya jera su a sahun gaba na sinima. Sarhan ya zo da aska a aljihu. Insaf ta bayyana a gefen rijiya, ta yi waƙa, mata suka share hawaye, kowa ya san yarinya ta samu shiga. Kawu yana ta zungurin na kusa da shi: "Saura ni."

Sai jaki ya cika majigi. Ya ɗaga kai, ya wangame baki.

"Yaa laa-hi-hi-hiii-il."

Sahun gaba ne ya fara ganewa. Suka juyo gaba ɗaya suka dube shi, sannan sinima ta ɗauka da dariya, har na baya suna roƙon a maimaita don darajar iyaye.

A bakin ƙofa Sarhan ya ciro aska, ya dube ta da tausayi, ya mayar. "Ka ci, Ustaz. An ji muryarka. Na baya ma sun ji."

"Wannan ita ake kira fasaha," in ji Mitwalli, gumi na bin jar dara. "Ba kowa zai gane ba. Darekta ya gane."

Ga darektan kuwa yana ratso jama'a, Insaf a gefensa rungume da furanni, ta kafa ido a ƙasa. Ya kama hannun Mitwalli da hannu biyu a gaban duk Shubra.

"Ustaz, kai nake nema. Mun sa hannu da Sitt Insaf a fim na biyu, kuma ba za mu yi ba sai da kai."

Mitwalli ya murza gashin baki, ya waiwayi Sarhan.

"A hamada za mu yi shi," in ji darekta. "Ka iya kukan raƙumi?"