Rasuwar Mai Ƙaho Ɗaya, Wadda Ta Kai Sabis Cikin Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da idanu a bushe, Hapsita Djibrine, a madadin matan gidan Kawu Bichara da ke Abeche, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta, har da masu raɓewa jikin katanga suna satar sabis, rasuwar tsohuwar na'urarsu ta rarraba intanet, wadda aka fi sani da Mai Ƙaho Ɗaya. Ta cika ranar Talata bayan azahar, a rataye a ƙusarta, tana bakin aiki.

Marigayiyar ba 'yar gata ba ce. Ta hannu Hapsita ta saye ta a N'Djamena shekarar da ta gama jami'a, kuma ƙahonta ɗaya, wato eriya, ya karye a mota tun kafin a kai Mongo. Ta daɗe a ƙasan akwati babu mai tuna ta, sai da Kawu ya sa aka kafa farantin tauraron ɗan'adam a kan soro. Farantin ya zo da tasa na'urar, fara sol, babu ƙaho babu tabo. Kawu ya ga ta fi ƙarfin a bar ta a fili. Ya ajiye ta a zauren maza, cikin kabad ɗin gilashi, tsakanin kofunan shayi, ya yafa mata ƙyalle mai ado, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu.

Sabis ɗinta kuwa ba ya wuce bango na biyu. Da aka faɗa wa Kawu, ya ce abin da ya keto sararin sama ba bangon laka ne zai tare shi ba, wayoyin matan ne suka tsufa. Hapsita ba ta musa ba, don ba ta iya ɗaga murya gaban manya. Ta dai lura cewa farar ko ramin soka kebul ba ta da shi. Ta aika aka nemo ɗan mahaɗin da zai samar mata ramin, ta roƙi a buɗe kabad sau ɗaya, ta bi da kebul ta kan katanga, ta bayan turken awaki, har rumfar mata. Nan marigayiyar ta fara aiki.

Za a tuna ta da rashin nuna bambanci. Ta hanyarta Kaka Kaltouma take ganin fuskar autanta Adoum, direban babbar mota a Sabha, tana yi masa faɗan ramewa. Ta hanyarta Inna Zenaba take samun masu sayen turaren wuta. Kuma da ita Hapsita ta yi karatun digirinta na biyu daga nesa, a kan tabarma, awaki na leƙa allon kwamfuta. Gaskiya marigayiyar tana da raki. Idan mutane suka yi yawa a kan bidiyo takan suma, sai an kashe ta an kunna. Da an danna ta ta ce “ƙit”, ta ɗan yi “zzzz”, sai koren idonta ya dawo.

Zafin bazara ne ajalinta. Ta fara da ɗumin jiki, sannan ƙaurin roba. An sa mata jiƙaƙƙen tsumma, Kaka da kanta ta yi mata fifita. Ranar Talata, Hapsita na gwajin kare aikin digirinta, wanda za ta yi ta bidiyo gaban malamai ranar Alhamis mai zuwa, idon ya koma ja, ya ƙifta, ya mutu. An danna, ba ta ce “ƙit” ba.

Iyalan mamaciyar sun karɓi ta'aziyyar Kawu, wanda ya ce dama gwangwani ce, kuma ba zai kai farar cikin hayaƙin murhu da kashin awaki ba. Sun kuma ji shawarar ɗansa Tidjani, cewa malama mai digiri ta tsaya bakin taga ta yi jarrabawarta, can ma akan samu sandar sabis ɗaya. An gode. Ba za a tsaya bakin taga ba.

Ta rasu ta bar doguwar kebul, da mahaɗi, da ƙusa, da wayoyin mata da 'yan mata a cikin duhu, da kuma 'yar uwa guda a kabad wadda ba ta taɓa leƙo ta ba.

An shirya gawar a kwalin ganyen shayi, za a sa ta a saman sif. Ƙahon da ya rage yana wurin Kaka.

Game da zaman makoki, Kaka Kaltouma, wadda ita ta haifi mai gidan, ta ce babban rashi sai babban ɗaki, kuma babu ɗakin da ya kai zaure. Don haka daga gobe da hantsi mata za su zauna a zauren maza, gaban kabad. Kowa ta zo da tabarmarta, da wayarta, da goyonta. Akwai karkanji, wato zoɓo, mai sanyi, Inna Zenaba kuma za ta kunna turare. Maza za su karɓi gaisuwa a waje, gindin dalbejiya. Ranar Alhamis ana roƙon masu makoki su sassauta kuka, Hapsita za ta amsa tambayoyin malamanta daga kan kujerar Kawu.

Ba a sa ranar tashi ba. Za a naɗe tabarmi ne ranar da makulli ya fito daga aljihu, farar ta shigo cikin gida. Ƙusar tana nan a rumfa, ba a cire ta ba.