Ranar da Na Ƙwace Filafili a Benis

Me ya hana ni fita ranar Lahadin nan? Shekara biyu ke nan ina tambayar kaina, ban samu amsar da zan iya faɗa a gaban mutane ba. Ni ban yi boko ba. Maƙwabciyata a nan unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo ce take rubuta min wannan, na kuma ce mata kada ta gyara komai, har wautar ta sa.

Garin Benis dai ba zan manta da shi ba har in mutu. 'Yarmu Saratu tana aikin jinya a Italiya, ita ta aiko muka je, ni da babanta. Da ƙarshen mako ya zo ta ce za ta kai mu garin da ba shi da titi, sai ruwa. Ta tsara komai: Asabar mu ga babban coci mu shiga jirgi, Lahadi mu haye wani tsibirin masunta inda kowane gida da nasa fenti.

Cocin kam na gani, har wuyana ya yi ciwo don kallon sama. Da rana aka kawo mana taliya baƙa ƙirin, wai da baƙin ruwan wata dabbar teku aka dafa. Na ture kwanon. Baban Saratu ya cinye nasa ya jawo nawa, ya yi min murmushi da haƙora kamar ya tauna gawayi. (Ban lura ba a lokacin cewa rabon da ya ci abinci haka ya yi wata uku.)

Sai jirgi. Ni a Lau aka haife ni, bakin Binuwai, ubana masunci ne, kuma shekara talatin na yi ina sayar da busasshen kifi a Jalingo. Mijina kuwa mutumin ƙauyen Iware ne, ɗan manoma, ko rafi ya gani sai ya fara addu'a. Don haka da muka shiga baƙin kwalekwalen nan nasu mai kujerun amarya, ni ce gwana.

Matuƙin yana tsaye a baya da dogon filafili ɗaya, ya ɗora shi a kan wata gwafa, yana tuƙi ta gefe guda kawai. A wurinmu ko yaro ya san in ka tuƙa gefe guda jirgi juyawa zai yi.

Na ce, "Saratu, faɗa masa ya riƙa sauya hannu."

Ta ce, "Mama, haka nasu yake. An yi jirgin ne a karkace."

"A karkace? Kafintan ma bai iya ba ke nan."

Babanta ya riƙe min zani. "Maman Saratu, zauna. Kin san ni da ruwa."

Da na ga mun nufi wata gada, kuma a idona bango za mu doka, sai na miƙe na juya na cafke filafilin. Ya zame daga gwafar. Jirgin ya yi dama ya yi hagu, na tafi da baya na kife a tsakiya, ƙafafu a sama. Ɗankwalina, wanda na yi rabin awa ina ɗaurawa, ya faɗa ruwa ya kama hanyarsa. Kaina kuma (rubuta, ba komai) sanƙo ne da 'yar furfura a gefe. A kan gadar Turawa sun fi cikin coci, kowa ya ɗaga waya.

Duk wannan da na haƙura. Amma mijina ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana share hawaye yana cewa, "Sarkin ruwa ya faɗi."

Ban ƙara yi masa magana ba. Da safen Lahadi ya sa babbar rigarsa ya tsaya a bakin gado.

"Taso mu je tsibirin. Ina so a ɗauke mu hoto, ni da ke, a gaban gida mai ruwan ɗorawa."

Na juya fuskata bango.

"Ba za mu sake zuwa ba fa," in ji shi.

Na ce, "Ka je ka yi dariyarka a can."

Ya daɗe a tsaye. Sannan mutumin da yake tsoron rafi ya shiga jirgi ba tare da ni ba. Da yamma ya dawo min da ƙananan soyayyun kifi a takarda, na ce ba na ci. (Da ya shiga wanka na cinye tas. Sun yi daɗi.)

Shi da Saratu sun riga sun san abin da likita ya gani a cikinsa. Ni suka ɓoye wa. Wata huɗu bayan mun dawo gida muka binne shi. Hotunan tsibirin suna nan: shi kaɗai a gaban gida mai ruwan ɗorawa, ya matsa gefe ya bar wurin mutum ɗaya. Hoton da nake ciki a duk tafiyar nan yana wayoyin baƙi, ƙafafuna a sama.

Na koyi cewa ba kowane jirgi ne jirgin ubana ba. Na kuma koyi cewa kunya ba ta kai ta cinye wa mutum ranar Lahadi guda ba, sai dai na koya a makare.

Ranar da zai bar duniya, da hantsi, ina shafa masa mai a ƙafa, ya buɗe ido ya neme ni. Na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Sarkin ruwa, yau ma ni kaɗai zan haye. Ki zauna, kada ki miƙe tsaye."