Malam Gyara da 'Yan Fashin Teku

Duk wanda bai san Malam Gyara ba, to bai san adabi ba. Shi da kansa ya faɗi haka, kuma mutum ne da ba ya kuskure. Mu marubuta muna alfahari da shi, musamman idan ba ya wurin. Asalin laƙabin nasa daga bakinsa ya fito, don ba a taɓa yin magana a gabansa ta wuce lafiya ba. Sai ya ɗaga yatsa, ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya ce, "Gyara kaɗan." Ya gyara wa likita sunan cutar da ke damunsa. Ya gyara wa ango jawabin godiya. An ce ranar da aka yi masa gaisuwar rasuwar yayansa, sai da ya gyara wa mai gaisuwar jimla kafin ya amsa.

Littafi ɗaya ya rubuta a duniya, amma fa littafi ne. Sunansa Tunanin Wani Mai Tunani. Labarin wani mutum ne da ya zauna a ɗaki yana tunani, yana tunani, har can kusa da ƙarshe ya tashi ya buɗe taga. Dukanmu mun yaba. Mun ce zurfinsa ya wuce misali, kuma ba ƙarya muka yi ba, tunda babu wanda ya taɓo ƙasansa a cikinmu. Littafin yana da kauri, yana da bango mai tauri, da wata riga ta takarda mai sheƙi wadda ke ɗauke da hoton Malam ya yi tagumi.

Abokin gabar Malam a duniya ɗaya ne, wani tsohon littafi na 'yan fashin teku. Tun kakanninmu suna 'yan makaranta ake karanta shi, har yanzu kuma bai gaji ba. A laburare an yi masa ɗinki, an manna masa gam, an sake ɗinke shi, amma ba ya kwana biyu a kan kanta. Na Malam kuwa yana nan sabo fil, ko yatsa bai taɓa ɓata shi ba.

"Shirme ne!" in ji Malam a duk taron da aka ba shi lasifika. "Jirgi, takobi, akwatin zinariya. Ina falsafa? Ina zurfin tunani? Ni ko shafi goma ban iya kaiwa ba na yar da shi."

Abin da Malam bai faɗa wa lasifika ba shi ne, yana da nasa kwafin. Tun yana yaro yake tare da shi. Da ya zama babban mutum sai ya rasa inda zai ɓoye shi, har dabara ta zo masa: ya cire rigar Tunanin Wani Mai Tunani ya sanya wa ɗan fashin. Daga nan ya samu lafiya. A ofis, a layin asibiti, a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, sai a gan shi ya duƙufa, ido waje, yana cizon leɓe, wani lokaci har da dukan cinya. Jama'a su wuce suna mamakin marubucin da littafinsa ke ba shi tsoro haka. Shi kansa yakan ji kunya. Yakan ce a ransa, wannan ne karo na ƙarshe, nazari kawai nake yi don in san makamar abokin gaba. Ya yi wannan karo na ƙarshen sau da yawa har furfura ta riske shi a kai.

Matarsa ta sani, amma mace ce mai rufin asiri. Iyakarta idan ta kawo masa shayi ta ce, "Baban yara, mutumin naka ya buɗe tagar kuwa?" Sai ya ce, "Yana dab da buɗewa," bai ko ɗago kai ba.

Ana nan sai dama ta faɗo. Kwamitin zaɓen littattafan makarantu ya sanar cewa za a sake duba jerin, kuma gurbin ƙagaggen labari guda ɗaya ne tak. Ɗan fashin teku ne ke zaune a gurbin tun kafin a haifi 'yan kwamitin. Malam ya ga ranarsa ta zo. In aka cire shi aka sa nasa, yara za su karanta Tunanin Wani Mai Tunani ko suna so ko ba sa so, don akwai jarrabawa. Mu marubuta mun san babu mai karatu mai aminci kamar wanda aka tilasta. Kuma a gaskiya abin ya wuce girman kai. Malam ya tsufa, yana jin tsoron ya bar duniya babu ɗan Adam ko ɗaya da ya kai wurin tagar nan.

Sai ya shirya yaƙi. Ya ɗauko almajirinsa a harkar adabi, wani malamin kwaleji da muke kira Hakane, saboda kalmar da ya fi amfani da ita ke nan a gaban Malam. Aka raba aiki: Hakane zai kashe ɗan fashi, Malam zai tashi daga baya ya gabatar da magajinsa.

"Ka karanta shi dai ko?" in ji Malam.

"Haka ne, Malam. Na dudduba."

Ranar zama, ɗakin taro ya cika. Dogon tebur, fanka mai ƙara, kwalaben ruwa. Shugabar kwamiti, wata tsohuwar shugabar makaranta mai ƙaramar murya, ta zauna a tsakiya. Mu ma mun je mun jeru a baya don mara wa namu baya. Malam ya shigo a makare kamar yadda ya dace da manya, lema a hannun dama, littafi mai hotonsa a hammata. A gaggauce ya sure shi daga kan tebur da zai fito, bai duba wanne ne a cikin rigar ba.

Hakane ya miƙe ya yi gyaran murya. Ya ce littafin nan ɓata tarbiyya yake yi. Ya ce a duba ƙarshensa kawai: guguwa ta taso, kyaftin mai ido ɗaya ya yanke igiyar kwalekwale, ya bar mutanensa a ruwa, ya gudu da zinariya.

Yatsan Malam ya fara ɗagawa. Ya ce wa kansa, yi shiru, a kanka ake wannan yaƙin. Ya danne yatsansa da ɗaya hannun. Ya kalli fanka. Ya sha ruwa. Hakane kuwa ya ga Malam yana motsi, ya zaci jin daɗi ne, sai ya ƙara maimaitawa: mai ido ɗaya, ya yanke igiya, ya gudu.

Yatsan ya ƙwace.

"Gyara kaɗan."

Malam ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Kunne ɗaya gare shi, ba ido ɗaya ba. Kuma ba shi ya yanke igiyar ba, mataimakinsa ne, wannan munafukin mai murmushi. Ranki ya daɗe, a yi wa mutum adalci ko da ɗan fashi ne!"

Da ya tsaya nan da an ce son gaskiya ne. Ina! Ya riga ya miƙe. Ya ce a dubi yadda abin ya faru: ruwa na shiga jirgi, mutane bakwai na can cikin kwalekwale igiyar ruwa na jan su, jirgi ya yi nauyi ba zai iya juyawa ya cim musu ba. Ya ture kujera gefe ta zama akwatin zinariya. Lema ta zama takobi. Muryarsa ta koma wata iri, mai kauri, wadda ba mu taɓa sanin yana da ita ba. Ya nuna yadda kyaftin ya tsaya a kan akwatin da ya yi rabin rayuwarsa yana nema, ya dubi zinariya, ya dubi mutanensa, sannan ya sa ƙafa ya tura ta cikin teku. Kujerar ta tafi har bango. Wani dattijo a kwamitin ya ce, "Sai kuma me ya faru?" alhali ya san abin da ya faru. Mu ma a baya mun miƙa wuya, baki buɗe, mun manta wanda muka zo mara wa baya.

"Ga shi nan a babin guguwa!" in ji Malam, idonsa ya yi ƙwalla. Ya ɗaga littafin sama ya kaɗa.

Rigar ta zame. Ta sauko a hankali ta kwanta a tsakiyar tebur, hoton Malam yana sama, ya yi tagumi. A hannunsa kuwa ga tsohon ɗan fashi, bango ya yi laushi, gefen shafuka ya yi baƙi da yatsu.

Shugaba ta share ido da gefen mayafi. Ta ce tun da take zama a kwamiti ba ta taɓa jin an kare littafi da zuciya ɗaya haka ba. Ta tambaya ko akwai mai son a cire shi. Babu. Ta dubi Hakane.

"Haka ne," in ji Hakane, don bai san wata amsa ba.

Kafin a tashi ta roƙi Malam ya ara wa laburare kwafin nasa, tunda nasu ya kusa rabuwa biyu. A gaban jama'a ba yadda zai yi. Ya miƙa, kamar mai miƙa ɗansa.

Ya isa gida da rana tsaka, da lema da riga babu littafi. Matarsa ta dubi hannunsa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko Tunanin Wani Mai Tunani daga saman kabad, ta kaɗe masa ƙura, ta mayar masa da rigarsa.

"Ungo, baban yara. Tunda yaran mutane sun tsira, kai ka karanta."

Malam ya ce ai dama abin da yake shirin yi ke nan. Ya zauna ƙarƙashin bishiya, ya gyara tabarau, ya buɗe shafin farko da niyyar ya nuna wa duniya yadda ake karanta babban littafi. Da ta fito da shayi ta same shi baki buɗe, tabarau a cinya, yana minshari a shafi na biyu.

Kada kowa ya yi masa dariya. Mu da muka yaba littafin a jarida, ya fi mu da shafi ɗaya.