Ajiyar Fayif a Hannun Kaka

"...Lafiya lau, Amarya. Ya ƙafa?"

"Ƙafar wa? Tambayi taka, da take rawa a kan tsani kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa."

Mai Waya ya yi dariya ya sauko. Tun hantsi yake ɗakin kakarsa yana bin bango da fayif ɗin roba, siririn nan da ake zura wayar wuta a ciki, don ya kai mata makunnin fitila bakin gado, ta huta da laluben bango. Aiki ya zo gangara, sai ya ga fayif guda ya yi ɓatan dabo. Bai sha wahalar nema ba. Ga shi can a hannun Kaka, ta dogara da shi a bakin ƙofa har ya ɗan lanƙwashe.

Ya san dawan garin. Goggonsa ta rantse ranar da ta ga Kaka da sanda, ranar za ta kwashe ta zuwa gidanta. Ita kuwa Kaka ta ce ɗakin nan da ta haifi 'ya'yanta a ciki, sai dai a fitar da ita a makara. Shi ya sa ko maganar sanda ba ta so a yi, alhali gwiwa ta daɗe da cin amanarta.

"Amarya, ashe bayan rowa har da ɗauke-ɗauke? Ba ni fayif ɗina."

"Ajiya nake maka, butulu. Kai da kake neman hularka tana kanka, wa zai bar ka da kaya?"

"Ajiyar ce har da zagaya tsakar gida da ita?"

"Kaji nake kora."

"Kajin da kika rabar tun bara?"

"Na maƙwabta! Wai kai mijina ne ko ɗan sanda?"

"Mijin da ake yi wa sata da rana tsaka. Ni fa na gaji, sakinki zan yi in nemo mai haƙora."

"Oho dai! Wa za ta kwashe ka? Mutumin da wuta ta yi ta ja har gashin kansa ya tsorata ya gudu."

Ya miƙa hannu da wasa zai karɓa, sai ya ji ta riƙe gam. Ya janye hannunsa. Tausayi ya kama shi, ga kuma tsoro, don fayif ɗin waya ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Rufin waya ne kawai, ko yaro ya taka sai ya lotse. Ranar da ta sakar masa jikinta duka, da ita da shi sai ƙasa.

Ya zagaya bayan ɗaki inda wani mai gyaran famfo ya bar ragowar kayansa. Ya zaro fayif ɗin ruwa mai kauri, ya dawo ya jera shi da ƙugunta.

"Me kake aunawa? Likkafani?"

"Tsawon amarya. Kullum na zo sai in tarar kin ragu."

"Baƙin cikin aurenka ne yake cinye ni."

Ya sa zarto ya yanke, ya shafa gam, ya kafa gwiwar fayif, wato lanƙwasasshen mahaɗi, a sama da ɗan guntu daidai kamun hannu, ya toshe ƙasan da murfin roba. Ya dogara da shi da dukan ƙarfinsa, ko gezau.

"To, tunda kin iya ajiya, ga babba. Wannan riƙe min za ki yi. Kada ki jingine shi ko'ina, ɓarayi sun yi yawa a gidan nan. Ko bayi za ki, ki tafi da shi."

Kaka ta karɓa tana yatsina. Ta buga shi a ƙasa, ta taka zuwa bakin gado, ta dawo ba tare da ta dafa bango ba. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta rage murya.

"In Goggonka ta gani fa?"

"Kayan aiki ne. Ki ce mijinki bai gama aiki ba, ke ce mai gadi."

"Yaushe za ka gama?"

"Rago irina? Ai ko shekara goma ba na jin zan kai rabi."

Kaka ta fashe da dariya har tana goge ido da bakin zane. Ta cilla masa siririn fayif ɗin.

"Karɓi tsiyarka, ja'iri. Allah Ya ƙara maka lalaci."